Yadda Na Je Japan Ta Hanyar Sabon Gari

Tun da na dawo ba ni da sakat a majalisarmu ta bakin kasuwar Samaru. In na zauna, Alhaji Sale mai taki ya ce, "Malam Tanimu, yaya ka baro mutanen Japan?" In na miƙe, Ɗanjuma tela ya ce, "A sauka lafiya, Sarkin Katun." Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishirin da ban sa ba. Jiya ma na ji ana cewa wai suma na yi aka yayyafa mini ruwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi da hannuna, kowa ya huta. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma na daɗe ina masinja a jami'a, na sha ɗaukar takardun furofesoshi a hammata har ilimi ya shige ni ta haƙarƙari. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Ga mafarin tafiyar. Autata Bilki ta gama karatun zane. Ni da na sa ta makaranta na ɗauka zanen gidaje za ta koyo, ko na atamfa. Sai ga ta da maganar wai wasu matasa a Kaduna sun haɗa kai suna yin zane mai motsi irin na mutanen Japan, sun ga aikinta a waya, suna so ta je ta zauna wajen yayarta ta yi aiki da su. Sun ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba da amsa, in ba haka ba su ɗauki wani. Uwarta Hajiya ta ce ita ba ruwanta, magana tana hannun Malam. Ni kuwa na ce katun wasan yara ne, ban ga abin da zai sa mai digiri ta bar gidan ubanta ta je tana zana aljanu ba.

Bilki ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Baba, ka taɓa kallon ko ɗaya?"

Na ce, "Rijiya ma ban taɓa faɗa mata ba, amma na san tana da zurfi."

"Ranar Juma'a ɗalibai za su nuna wani a Sabon Gari. Ka zo ka gani da idonka. In ka fito ka ce shirme ne, wallahi na bar maganar, in nemi koyarwa a nan Samaru."

A gaban uwarta ta rantse. Na karɓa da sauri, don na riga na yanke hukuncina, shaidu kawai zan je nema.

Da aka sauko Juma'a na zura babbar rigata fara. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kallon katun za ka ko ɗaurin aure?" Na ce mata alƙali ba ya zama kotu da singileti.

Bas muka shiga. Kwandasta ya tura ni bakin ƙofa, ya ja ta da ƙarfi, ashe ya datse da gefen rigata. Damina ce, hanya duk kududdufi. Tun daga Samaru har Palladan rigar tana waje tana kaɗawa kamar tutar jam'iyya, ni kuwa ina ta mamakin yadda masu babur ke ɗaga mini hannu. Ina ɗaga musu, ina cewa a raina, ashe har yanzu ana tunawa da ni a garin nan. Sai da wani ya sauka aka buɗe ƙofa na janyo abata, ta koma kalar kunun kanwa.

Kusa da ni akwai wata dattijuwa 'yar Bomo da kwandon gauta a cinya. Ta yi mini jajen riga, ta ba ni gauta ɗaya, ta ce, "Baba, asibiti za a kai ka?"

Bilki ta ce, "A'a Inna, katun za shi kallo."

Matar ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Allah ya sa mu gama lafiya," ta ja kwandonta gefe.

Kowace ƙasa tana da iyaka. Ta Japan, a iya binciken da na yi, tana bayan layin dogo, a saman wani shagon kayan gyaran mota, inda ake kallon ƙwallo. Matakala ce ƙunƙuntatta mai warin baƙin mai. A samanta na tarar da jami'in kan iyaka: wani ɗalibi dogo da ya rina gashinsa shuɗi, ya ɗaura riga irin ta fitowa wanka, ya rataya takobin katako. Yana ganina ya lanƙwashe har goshinsa ya kusa taɓa gwiwata.

Na ce, "Subhanallahi! Ɗago, ɗana, ruku'u na Allah ne."

Ya ce haka ake gaisuwa a can. Na ce mu nan tsugunawa muke yi, ya fi sauƙi ga ƙugu. Sai ya roƙe ni in cire takalmi, wai a can ba a shiga ɗaki da shi. Wannan kam na yaba. Mutanen da suka san darajar tabarma ba za a rasa alheri a wajensu ba.

Mun zauna ke nan aka ɗauke wuta. Aka ja janareta, ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya yi shiru. Mai wurin, Oga Emeka, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba, a yi haƙuri, injin nan ya yi yaji, kuma mai bikonsa ya tafi Giwa. Sai gobe da hantsi." Kafin mu sauko ƙasa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Bilki ta ce mu jira ya tsagaita mu koma gida. Na ce faufau. In koma Samaru da riga kalar kunu, Alhaji Sale ya tambaye ni me na gani in ce janareta? Na kira Hajiya na ce tafiya ta yi tsawo, sai gobe. Ta ce, "Malam, Sabon Gari ce fa, daga kan katangarmu ana hango hasken fitilunta." Na ce mata mace ba ta san wahalar hanya ba.

Masaukinmu gidan Yohanna ne, abokina tun muna samari. Tare muka yi aikin masinja, tare muka sha tsayuwa a gidan dambe har rana ta faɗi. Mutumin kudancin Kaduna ne, dattijon coci, kunnensa ɗaya ya yi ritaya kafin shi, saboda haka ko sirri zai faɗa maka sai maƙwabta sun ji. Matarsa Saratu ta karɓi rigata ta jiƙa, ta ba ni wata taguwar Yohanna mai hoton taron mata zumunta na cocinsu a ƙirji. Ta kawo buta da tabarma, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba, ta ce, "Baban Bilki, ka ɗan karkata wajen firij, nan ne daidai." Haka na yi sallar Magariba, mata zumunta suna ƙirjina. Allah Ya san niyya.

Faten acca ta yi mana, da yakuwa da gyaɗa, mai zafi har gumi ya tsattsafo mini. Mu a gidana faten tsaki muka sani, kuma Hajiya tana ganin wanda ya sa gyaɗa a fate ya yi almubazzaranci. Na ci kwano, aka ƙara, ban ce a'a ba. Bilki ta shige ɗaki wajen 'yar gidan, ni kuwa na kwashe labari na faɗa wa Yohanna.

Ya ce, da muryarsa da ke tada kaji, "Tanimu, katun ɗin kake ƙi, ko tafiyar yarinyar?"

Na ce masa faten ya ɗan yi gishiri. Saratu ta leƙo daga kicin ta ce, "Gishiri ne ya sa ka ci kwano biyu?"

Da hantsi muka koma, Yohanna ya ce ƙafarsa ƙafata. Muka sake cire takalma a kan iyaka. Kafin a fara, ɗaliban suka raba abincin ƙasar: taliyar leda ce tsamo-tsamo cikin romo, da dafaffen ƙwai, da tsinke biyu. Na ce ina naman da za a soke? Suka ce da tsinken ake ci. Na kama taliya, ta zame. Na sake kamawa, ta sake zamewa, kamar ina kamun tarwaɗa da hannu. Yohanna ya soke ƙwansa ya ɗaga sama kamar ya ci yaƙi. Kuma wai a can sai ka zuƙa da ƙara, fuuut, shi ne ka yaba wa mai girki. A gidana yaron da ya yi haka sai ya ji ludayi a ƙeya. Na faki idon jama'a na yi bisimilla da yatsun da Allah Ya ba ni.

Aka kashe fitila, majigi ya haska bango.

Labarin wani saurayi ne ɗan masunta, siriri kamar karan dawa, gashinsa a tsaitsaye kamar ya taɓa wayar lantarki. Wani sarki mai rigar ƙarfe ya tare kogin garinsu, gonakin shinkafa suka bushe. Saurayin ya ɗauki takobin da ya fi shi tsawo ya ce sai ya sako ruwan. Akwai wani tsoho mai gyaran laima da ya koya masa faɗa, da wata yarinya mai idanu kamar faranti. Da yarensu suke magana, ana rubuta Turanci a ƙasa, amma rubutun gudu yake kamar an biyo shi. Kafin in haɗa baƙi uku ya wuce. Bilki ce ke raɗa mini, ni kuma in faɗa wa Yohanna a kunnensa mai aiki, shi kuma ya sanar da sauran jama'a.

To, faɗa kam an yi shi. Tun ba a gama gaisawa ba aka fara. A yi a kan gada, gada ta karye. A yi a kasuwa, kasuwa ta ƙone. A yi a kan rufin mutane, ba sallama ba neman izini. Ina ta tara shaidu a raina. Na farko, ba wanda ya tambayi wa zai gyara wa talakawa rumfunansu. Na biyu, kowa sai ya kira sunan dukansa da ƙarfi kafin ya kai shi. Yohanna ya ce, "Wannan ai wauta ce! Ka gaya wa mutum ta inda za ka zo?" Amma surutun da suke yi kafin su gwabza, kowa yana faɗin ubansa da garinsu da waɗanda ya kayar, wannan bai ba mu mamaki ba. Kirari ne, kalangu kawai ya rage.

Ana nan sai saurayin ya gamu da jagoran mayaƙan sarkin nan mai rigar ƙarfe, wani ƙato kamar rumbu. Suka yi ta yi. Can ƙaton ya kai masa wani naushi a haƙarƙari, yaro ya tashi sama, ya faɗo rub da ciki cikin taɓo. Kiɗa ya tsaya. Bango ya yi duhu.

Ni da Yohanna muka dubi juna. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a gidan dambe ya san ƙa'ida: da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare, sai a ɗauke wanda aka kayar. Wannan kuwa har haɓarsa ta sha ƙasa.

Yohanna ya ce, "An yi kisa! Allah ya ba mai rabo."

Muka tafa, muka ɗauki sandunanmu, muka lallaba cikin duhu muka fita. Bilki ta ɗauka bayan gida za mu. Muka sa takalma, muka sauka ƙasa, har na sayi gasasshiyar masara muka raba. Raina fes. Ga fim gajere, ga jarumi ya sha kashi, ga kogi ba a sako ba. Wane shirme ya wuce wannan?

Sai ga Bilki a guje, ba takalmi. "Baba! Baba Yohanna! Ina za ku? Ko rabi ba a yi ba!"

Na ce, "Ai ya faɗi."

"Zai tashi."

"Ya tashi ya yi me? Wanda aka kashe ai sai wani karon."

Yohanna ya ce, "Su a ƙasarsu ba alƙalin wasa ne?"

Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Don Allah ku zo. Wurin da nake so ka gani ke nan, Baba."

Muka sake hawa, muka sake cire takalma. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi, wata ta ce, "Su Baba sun tafi hutun rabin lokaci!" Amma ga abin da ba zan ɓoye ba: yaran nan sun tsayar da fim ɗin suna jiranmu, suka mayar da shi baya daidai inda muka tashi. Mai shuɗin gashi har ya kawo mana kujeru masu jingina.

Duhun ya washe. Ruwan sama ne ke sauka a kan fuskar yaron, ɗigo yana bin ɗigo yana gangarawa ta gefen hancinsa. Tsohon nan mai laima ya zo yana ɗingishi, ya goya shi a baya kamar jariri, ya kai shi bukkarsa. Ba kiɗa, ba ihu. Ya hura wuta, ya ɗora 'yar shinkafar da ta rage masa. Murfin tukunya ya fara rawa, tururi yana fita ta gefe. Wallahi sai da na ji ƙamshi. Tsohon ya zuba wa yaron duka, ya ce shi ya riga ya ci, alhali mun ga bai ci ba.

Na raɗa wa Bilki, "Wannan tururin ma zana shi aka yi?"

"Da hannu, Baba. Har ɗigon ruwan."

Na juyo in dube ta. Ba ta san ina kallonta ba. Idonta na bango, ɗan yatsanta kuwa yana kan gwiwarta yana bin tururin, yana lanƙwasa inda ya lanƙwasa. Haka take yi tun tana rarrafe, da gawayi a bangon Hajiya.

Daga nan aka koma faɗa, kuma suka maimaita halinsu. Ana tsakiyar sara sai mutum ya tsaya ya tuna yarintarsa, abokin gaba kuma ya jira shi har ya gama tunani. Yarinyar mai idon faranti ba ta tsinana komai ba sai kiran sunan yaron da kuka. Na ce da Hajiya ce da tuni ta je ta fasa madatsar da taɓarya. Sai dai sarkin mai rigar ƙarfe ya ba ni tausayi, ashe kogin ne ya taɓa cinye masa ɗa, shi ya sa ya ɗaure shi. Ban saba ganin an ba mugu dalili ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, ana gab da ƙarshe suka kashe tsohon. Ba laifin tsaye ba na zaune. Kawai don yaron ya fusata ya sami ƙarfin gama faɗa. Yaro ya ci nasara, kogi ya dawo, shinkafa ta yi kore, ya komo gari ana ta murna, bukkar tsoho kuwa a rufe, laimomi a jingine. Yohanna ya fyace hanci da ƙarar da ta sa na gaba suka waiwayo, ya ce mura ce.

Muka yi sallama da shi a bakin titi bayan Saratu ta aiko da rigata a goge. Muka tsaya ni da Bilki a ƙarƙashin rumfar wani shago muna jiran bas. Ita sai murza bakin mayafinta take yi. Na gyara murya na fara karanto laifuffuka: faɗa ya yi yawa, ɓarna ba diyya, rubutu na gudu, mace ba aikin yi, wanda aka kayar ba ya yarda an kayar da shi.

Na zaci za ta kare su. Sai ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Ka ma manta ɗaya, duk fuskokin matan iri ɗaya ne. Shi ya sa nake so mu yi namu."

Sannan ta ce a hankali, "To, shirme ne?"

Kalmar tana bakina. Na san 'yata, ta rantse, in na furta ba za ta sake tada maganar ba har abada. Za ta nemi koyarwa, ta riƙa dawowa gida da la'asar, in riƙa jin motsinta a tsakar gida. Bas ta zo ta tsaya, kwandasta yana ta "Samaru, Samaru!" Na bar ta ta wuce.

Na ce, "Rabinsa shirme ne. Ɗaya rabin ban san sunansa ba. Kuma rantsuwarki ba ta ce rabi ba."

Ta rufe fuska da mayafi. Na ce ta bari, muna bakin titi, kada a ce dukanta na yi.

Na ƙara da cewa, "Amma da sharaɗi. In kin je kin yi naku, in kin sa tsoho a ciki, kada ki kashe shi don wani ya ji haushi. Ki bar shi da ransa har ƙarshe. Wanda ya tafi ya dawo ya same shi zaune a ƙofar gida."

Ta share ido, ta dube ni irin duban uwarta, ta ce, "To Baba, in tsohon ne ba ya shan maganin hawan jininsa fa? Yana ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma yana cewa ya sha?"

Ƙarshen wata ta tafi Kaduna. Ku da kuke tambayar dalilin da ya sa yanzu nake tashi daga majalisa da an yi la'asar, ko ana tsakiyar gardama, to ga shi kun ji. Lokacin shan magani ne, kuma tun ranar ban tsallake ba.